Makullin Gidan Mista Teoh

Ranar Asabar da hantsi Siew Ling ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ina tsaka da tuƙa tuwon wasu ɗalibai da suka ce in yi musu tapau, wato in ƙunsa musu su tafi da shi. 'Yar maƙwabcina ce, Mista Teoh, wanda ƙofarsa ke kallon tawa a hawa na sha huɗu na benenmu a Danau Kota, nan Malesiya. A Singapore take aiki. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da uban, sai ƙarshen mako take shigo mota ta duba shi. Ta tsaya da makulli a tafin hannu, ta ce mini da Turanci mai aikin da ke kula da tsohon ta yi rauni a baya, ba ta iya ɗaga shi, shi kuma ya ƙi gidan tsofaffi.

"Anti Caroline, akwai wani ɗan ƙasarku da ya ce zai riƙa zuwa da safe ya ɗaga Baba ya yi masa wanka, ba ya son ko sisi. Yana zuwa gidanki duk Lahadi. Gamaliel. Kin san shi? In ba shi makullin?"

Muciyar ta kusa faɗuwa daga hannuna. Na san shi mana. A kicin ɗin nan, a kan kujerar robar nan, shekara huɗu da suka wuce, Gamaliel ya ce mini ranar da tsohon nan ya faɗo hannunsa, ko Fasto ba zai iya ƙwatarsa ba.

Ban gaya mata ba a lokacin. Na ce ta bar makullin a wurina mako guda, ni zan riƙa buɗe masa ina rufewa, in ta dawo Asabar mai zuwa zan ba ta amsa. Ta yi godiya ta tafi. Ni kuwa na koma na tarar tuwon ya kama.

Bari in faɗi ko wane ne Gamaliel, don kada a ce Caroline ce mai mugun zato. A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haife shi. Ubansa kafinta ne, dattijon coci, wanda ba a shan kunu a gidansa da safe sai an karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. A cikinsa yaron ya koyi haɗa baƙaƙe tun bai san Turanci ba, kuma wannan littafin na uban, mai bango da aka ɗinke da fatar akuya, shi ya saka a jaka da zai zo Malesiya karatun injiniya. Da ya gama ya samu aiki a wani kamfanin kwamfuta da ke hulɗa da mutanen Turai, da agogonsu yake aiki, shi ya sa ba ya fita sai azahar. Ya koma gida ya auro Azumi, 'yar Kagoro, mai sanyin magana, suka kama gida a hawa na tara na benenmu.

A lokacin babu wanda ya kai shi shiga mutane. Ya iya Malay fiye da mijina Meshach da yake koyarwa a jami'a shekara da shekaru. Yana buga ƙwallo da 'yan Sin a filin bayan bene, yana zama a mamak, wurin shan shayi da cin abinci, da Indiyawa har su riƙa kiransa da suna. In muka yi ƙorafin yadda ake toshe hanci idan mun shiga lif, ko yadda mai taksi zai rage gudu ya ga fuskarka ya ƙara mai, sai ya yi dariya ya ce, "Anti, rashin sani ne, ku bar su." Har haushinsa nake ji.

Sai shekarar ƙyalle. Mista Teoh shi ne shugaban kwamitin masu gidaje a lokacin. Ya bi ƙofa ƙofa da takarda ana sa hannu, wata safiya muka sauko muka ga ƙyalle ja an ɗaure a bakin get, wai kada a ƙara ba 'yan Afirka haya. Ba a ce masu laifi ba, ba a ce masu hayaniya ba. 'Yan Afirka. 'Yata Mirabel tana aji uku a firamare, ita ta karanta mini shi da ƙarfi. Mu mun tsira don mai gidanmu wata hajiya ce 'yar Malay da ta ce gidanta ne, ba na kwamiti ba. Su Gamaliel aka ba su wata guda su tashi. Azumi na da cikin wata shida. Suka yi ta yawo, duk inda aka ji muryarsa a waya a ce akwai, a ga fuskarsa a ce an kama. Ƙarshe suka samu wani tsohon bene wajen Titiwangsa, hawa na biyar, babu lif. Sati uku da tarewa ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Namiji.

Likita bai ce matakala ce ba. Gamaliel ne ya ce, kuma babu wanda ya isa ya musa masa. Daga ranar ya zama wani mutum. Ya daina ƙwallo. In ɗan Sin ya zauna kusa da shi a jirgin ƙasa sai ya tashi ya tsaya. Ba ya sayen ko ruwa a kedai ɗinsu, wato kantinsu, gara ya yi tafiyar minti ashirin. Yana da sunaye da yake kiransu da ba zan rubuta ba. Jaririnsu ma a goye in ya gani sai ya kau da kai ya tofar da yawu. Kuma kada in yi ƙarya, ni ma ban tsawata masa ba. Shekara huɗu ƙofata na kallon ta Mista Teoh, ban taɓa ce masa ina kwana ba.

Muna da zumunta a falona duk Lahadi da la'asar, mu Kiristocin Arewa, mu yi waƙa mu yi karatu da Hausa, don a coci Turanci ake yi. To akwai wurin da Musa yake gargaɗin jama'a su ƙaunaci baƙi, domin su ma baƙi ne a dā a Masar. Duk mai jin Hausa ya san a rubuce kalmar ɗaya ce, a baki biyu ce. In ka ja farkon ka sauke murya, mutanen da suka zo daga wani wuri ne. In ka datse shi ka ɗaga, launi ne. Gamaliel ya sani sarai, ba jahili ba ne. Amma wata Lahadi bayan an binne yaron, ya miƙe da littafin ubansa ya karanta ta datse, ta launi, ya buga bangon fatar ya ce, "Kun ji? Allah ya ce a ƙaunaci baƙar fata. Su waɗancan sai su nemi nasu wurin." Muka ce amin har maƙwabta suka ji. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Daga nan ta zama ayarsa, duk wata sai ya jawo ta, mu kuma mu yi shewa.

A watan Fabrairun bana ya sake miƙewa zai karanta. Azumi, wadda shekara huɗu ba ta taɓa cewa uffan a zumunta ba, ta ɗago kai.

"Maigida, gyara karatunka."

Ya ce, "Me?"

"Ba haka Baba ya koya maka ba. Ni na ɗauki yaron nan wata bakwai da ɗoriya, ni na ji nauyinsa a matakala. Ka daina karanta ƙarya a kan kabarinsa."

Ya rufe littafin ya fita. Lahadi uku bai zo ba. Da ya dawo ya zauna a baya bai yi magana ba, ni kuma na ɗauka fushi ne. Sai ga Siew Ling da makulli.

Ku gaya mini, wace mai hankali ce za ta ba kura ajiyar nama don kurar ta yi shiru wata uku?

Litinin ƙarfe bakwai da rabi ya iso da jaka a kafaɗa. Ya rusuna ya ce, "Anti, ina kwana."

"Kwana na Allah ne. Buɗe jakar."

Ya yi murmushi ya buɗe. Tawul, basilin, littafin ubansa, sabulun aski da reza sabuwa a leda. Na zare rezar na cusa a zanina.

"Anti, gemunsa ya yi tsawo, yana ta sosawa."

"Ya sosa. Ba a taɓa binne mutum don ƙaiƙayi ba."

Na buɗe masa na shiga tare da shi. Ban taɓa ganin cikin gidan nan ba sai ranar. Mista Teoh na kwance, ya rame kamar kazar da aka fige, ɓarin bakinsa ya zazzago. Ciwon ya tafi da Turancinsa da Malay ɗinsa kaf, sai yaren garinsu na yarinta, wai Hokkien, wanda 'yarsa ma kaɗan take tsinta. Kalma ɗaya ce ta Malay ta rage masa, boleh, wato to, an yarda, kuma ita yake faɗa wa komai. A kawo cokali, boleh. A ɗauke cokali, boleh. Da ya ga Gamaliel sai idonsa ya tsaya a kansa bai ƙifta ba. Gamaliel ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyansa ɗaya a ƙarƙashin gwiwa ya ɗaga shi cak. Na ce a raina, yanzu in ya sake shi a kan tayil ya ce santsi ne, wa zai ƙaryata?

Bai sake shi ba. Amma ranar farko ce, ɓarawo ma ba ya sata ranar da aka ɗauke shi gadi.

Talata ya tambayi mai aikin wane magani ake ba tsohon da safe, wanne da rana, ya rubuta a waya. Na rubuta a raina cewa ya rubuta. Laraba ya ce in ɗan fita zai tuɓe shi, dattijo ne, bai kamata mace ta tsaya ba. Na fita, amma na sa ƙafa a bakin ƙofar banɗakin ban bari ta rufu ba. Ruwa na zuba, tsohon na surutu da yarensa, Gamaliel na amsa masa da Hausa, "To, Baba. Sannu, Baba. Ɗaga hannun." Baba! Mutumin da ya ɗaura mana ƙyalle.

Meshach ya ce mini a wajen cin abinci, "Maman Mirabel, ki bar bawan Allah ya yi aikin lada."

Na ce, "In aikin ladan ya ƙare a ofishin 'yan sanda, kai za a fara tambaya ko ni? Ni na ce a bar makulli a hannuna. Tsoho ya mutu a hannun baƙar fata a benen nan, ƙyalle goma za a ɗaura, kuma wannan karon hajiya ma ba za ta cece mu ba."

"Ke dai ba ki yarda mutum na canzawa ba."

"Na yarda. Shi ya sa nake tsoro. Na ga ya canza sau ɗaya."

Alhamis na kira Azumi a waya na tambaye ta kai tsaye, mijinki me yake nufi da tsohon nan. Ta ce, "Anti, ban sani ba duka. Na dai san yana tashi da asuba ya karanta, wani lokaci in tarar yana kuka. Sauran ki tambaye shi." Matar mutum ta ce ba ta sani ba duka, ni zan sani?

Juma'a miya ta tsare ni. Na buɗe masa na koma in rage wuta, na ɗan daɗe. Da na dawo ƙofar ɗakin tsohon a janye take, mai aikin ta sauka sayen burodi. Na kara kunne. Muryarsa ƙasa ƙasa, yana karatu, sai na tsinci kalmar. Baƙi. Jinina ya hau. Na ce ga shi nan, biri ya yi kama da mutum, ya samu tsohon shi kaɗai yana karanta masa ayar tasa a kunne. Na banka ƙofar.

Tsohon na zaune a keken guragu, kansa a jingine baya, kumfa tun daga kunne har maƙogwaro. Littafin a buɗe a kan gado. Gamaliel na tsaye a kansa da reza.

"Ajiye!"

Bai firgita ba. Ya ce, "Anti, kada ki yi ihu, zai motsa."

"Ina ka samo wata?"

"A kedai na ƙasa. Na ɗan Sin ɗin nan."

"Ni za ka mayar 'yar iska? Na ji abin da kake karanta masa."

"Me kika ji?"

"Ayarka."

"Ki sake ji."

Ya sunkuya kan littafin ya karanta ta a hankali. Ya ja farkon kalmar, ya sauke ta ƙasa, yadda duk wata tsohuwa a Kagoro za ta ce ta yi baƙi a gida. Haka ya karanta ta farko ma, kunnena ne ya saba da ɗayar. Na tsaya da ludayi a hannu, don ashe da shi na fito.

Na ce, "To, ka gyara baki. Shi wannan baƙon wa? Ƙasarsu ce. Mu ne baƙi."

"Haka na ce ni ma, sati uku ina faɗa da ayar. Na karanta gaba na karanta baya ina neman inda aka ce banda wanda ya cuce ka, ban samu ba. Ranar da na dawo zumunta muka haɗu da tsohon nan a lif, ana tura shi daga asibiti. Yana ta magana, yana kuka, yana nuna ƙafarsa. 'Yarsa ba ta gane ba, mai gadi bai gane ba, wata 'yar Sin da ke ciki ta matsa gefe ta toshe hanci don ya yi fitsari. Anti, ta toshe hanci. Yatsansa ne ya maƙale a ƙarfen keken. Ni na gani, don na san yadda mutum yake yi in yana magana a ƙasar da ba a jinsa."

"Sai ka ji tausayi."

"A'a. Daɗi na ji." Ya kalli rezar. "Na cire masa yatsan, amma daɗi na ji. Na je gida na kasa cin abinci."

"Yanzu fa?"

"Kina son gaskiya?"

"A'a, ƙarya nake so, shi ya sa na bar miyata a wuta."

"Bai tafi duka ba. Wata safiyar in na ɗaga shi sai in tuna akwatin yaron, wanda na ɗauka da hannu ɗaya. Shi ya sa ba na taɓa shi sai na karanta. Ba shi nake karanta wa ba, bai san me nake cewa ba. Ni nake karanta wa."

"Ya san ko kai wane ne?"

"Na gaya masa ranar Litinin, kina tsaye kina duba tayil. Na ce ni ne na hawa na tara. Yana ji, magana ce ba ya iyawa."

Kumfar ta fara bushewa. Tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya sosa haɓa ya ce boleh. Gamaliel ya dube ni.  Na ja kujera na zauna daf da su, idona a kan wuyan hannunsa. Ya fara daga kunne ya gangaro. Da ya zo maƙogwaro ya tsaya, ya ja numfashi, ya sa babban yatsa ya miƙar da fatar, ya bi ta sau uku. Hannun ya yi rawa sau ɗaya, na gani da idona, ya ɗaga rezar har ta wuce, ya ci gaba. Ko ƙwarzane babu. Ya goge masa fuska, ya shafa basilin. Miyata ta ƙone ƙurmus.

Asabar Siew Ling ta zo. Na zaunar da ita na gaya mata komai, don ni ba na ba da shaida rabi. Na gaya mata ƙyallen, wanda ta ce ba ta san da hannun ubanta ba, na ce to yau kin sani. Na gaya mata matakala da jariri da abin da Gamaliel ya rantse a kicin ɗina, da abin da ya faɗa jiya cewa bai tafi duka ba. Fuskarta ta yi ja. Ta tashi ta shiga wurin uban, na bi ta, ta tambaye shi da guntun Hokkien ɗinta ko yana son mutumin nan ya ci gaba da zuwa. Ya shafa haɓarsa ya ce boleh. Ta juyo tana hawaye kamar an ba ta amsa. Na ce kada ki ruɗi kanki, haka yake ce wa cokali.

"To ke me kika ce, Anti?"

Na so in ce a'a. Da na ce a'a babu mai zargina, in kwana lafiya. Amma da ya ce mini ya warke sarai, zuciyarsa fari tas, wallahi da ban yarda ba, na sha jin irin wannan shaidar a coci daga bakin mutanen da ba sa gaisawa da ƙannensu. Wanda ya san akwai maciji a ɗakinsa yana duba ƙarƙashin gado kullum, shi na fi yarda in kwana a gidansa.

Na ce, "Ba shi. Amma sai na yanka nawa makullin."

Na sauka da kaina wurin mai yankan makulli, ɗan Sin ne shi ma, na tsaya har ya gama. Ya ce wani abu na wasa, ban yi dariya ba, amma na ce na gode.

Lahadi bayan zumunta na tare Gamaliel a bakin ƙofa na danƙa masa makullin a gaban Azumi.

"Ga shi. Nawa na nan a zanina. Kuma ka sani tsohon nan bai ba mu haƙuri ba, ba kuma zai bayar ba."

"Na sani, Anti."

"Ranar da ka tashi ka ji ba ka iya karantawa, kada ka buɗe ƙofarsa. Ka ƙwanƙwasa tawa."

"In sha kunu?"

"Ka sha mari."

Azumi ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta tun shekarar ƙyalle.

Wata biyar ke nan. Har yau haushin ƙyallen nan bai bar ni ba, kuma har yau ban ce wa Mista Teoh ina kwana ba, sai dai nakan aika masa da kunun gyaɗa ranar Laraba don an ce yana iya haɗiye shi. Kullum bakwai da rabi ina jin makullin ya juya. Sai in rage wuta in tsaya a bayan ƙofata. Shiru na ɗan lokaci, wannan karatun ne. In na ji ruwa ya fara zuba sai in koma kan tukunya.